Yarinyar Da Ta Cinye Tsakuwar Titi

Ku gyara zama, yara, ku ji abin da ya faru da wata yarinya da titinta na cakulan.

Yarinyar ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke kiranta Auta, har a makaranta. Babanta direba ne, amma ba na bas ba, ba kuma na tasi ba. Shi ne mai tuƙa motar daɓe, ƙatuwar motar nan mai gangar ƙarfe a gaba, wadda ke bin sabon titi tana danne shi. Kullum da yamma yakan dawo takalmansa sun yi baƙi, rigarsa tana warin kwalta. Auta ce ke rugawa ta karɓi hular kwanonsa.

Wata Litinin, Malama ta ce kowane ɗalibi ya kawo abin da zai nuna sana'ar gidansu ranar Alhamis.

A ajin akwai wani yaro da ake kira Aku, don bakinsa ba ya hutawa. Ya juyo ya dubi Auta.

"Ke me za ki kawo? Motar babanki? To ku taso tun yau, ko kwa iso ranar Alhamis. Jiya da idona na ga kunkuru ya danna mata hon ya wuce!"

Yara suka tuntsire da dariya. Auta ta cika ta yi fam.

Da yamma ta karɓi hular Baba ba tare da murmushi ba.

"Autata, wa ya taɓa min ke?"

Ta kwashe labari ta gaya masa. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kunkurun nan na san shi," in ji shi. "Kullum sai mun gaisa."

"Baba, ni ba wasa nake yi ba. So nake su san aikinka babba ne."

Baba ya shafa gemunsa. "To, ba zan iya kai motata ajinku ba. Amma za mu iya kai musu titi. Mu je kicin."

Mama na tsaye tana wanke kofuna. Ta ce, "Titi a kicina? Kada wanda ya shigo min da kwalta nan!"

"Kwaltar yau mai zaƙi ce, uwargida. Ara mana faranti da kwalba."

Baba ya wanke hannuwansa tas. Ya jera kwanoni uku a kan tebur. Na farko soyayyar gyaɗa ce. Na biyu biskit ne da ya kakkarya ƙanana-ƙanana. Na uku garin biskit ne da ya murje. Mama kuma ta ɗora ƙaramin kwano a kan tukunyar ruwan zafi, ta sa cakulan a ciki yana narkewa.

"Gyaɗar nan ita ce manyan tsakuwa," in ji Baba. "Gutsattsarin biskit su ne ƙananan tsakuwa. Garin nan shi ne yashi. Cakulan kuwa shi ne kwalta. To, faɗa min, wanne ya fi yawa a cikin titi?"

"Kwalta mana!" in ji Auta. "Ai kowa kwalta yake ce wa titi."

"Haka ake cewa. Kwalta ce ta ɗauki suna, amma tsakuwa ce ke ɗaukar kaya. In kika raba titi kashi ashirin, kwalta kashi ɗaya ce kawai, ko ta ɗara kaɗan. Aikinta ta manne tsakuwa wuri ɗaya, shi ke nan."

Ya juye gyaɗa da biskit da gari a babban kwano. Ya zuba cakulan kaɗan, ya yi ta juyawa har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Ya shimfiɗa haɗin a faranti, ya rufe da takarda mai santsi. Sannan ya kwantar da kwalba a kai.

"Ga motata," in ji shi.

Ya fara mirgina ta a hankali. Gaba, baya. Gaba, baya. Auta ta kasa kunne. Tana jin gyaɗa na ƙara ƙus-ƙus a ƙarƙashin kwalbar.

"Kin ji? Zama suke gyarawa. Ƙanana na shiga tsakanin manya, yashi na cike sauran ramukan. In na yi gudu, ba za su sami wurin zama ba. In na yi nawa kuma har kwalta ta huce, ba za su motsa ba. Sai da zafi, kuma sai a hankali."

Auta ta zuba wa hannuwan Baba ido. Manya ne, duk kanta, amma ko gefen farantin ba su ɓata ba. Ba ta taɓa sanin akwai ilimi haka a cikin tafiyar motar nan ba.

Da titin ya sandare a firji, suka gwada shi da ƙaramar motar wasa. Ya tsaya ƙyam. Daga nan suka yanka shi suka cinye. Mama ta ce ita dai ba ta taɓa cin titi mai daɗi irin wannan ba.

"Na ranar Alhamis ke za ki yi da hannunki," in ji Baba. "Ni kuma zan leƙo ajinku lokacin hutun aiki, in duba aikin ma'aikaciyata."

Ranar Laraba da safe, kafin ya fita, Baba ya auna mata komai. Kofi biyu na gyaɗa, kofi ɗaya na biskit, rabin kofi na gari. Ya ajiye ragowar cakulan a saman kanta.

Da Auta ta dawo daga makaranta, Mama ta narka mata cakulan, ta sauke kwanon.

"Ki kula, da zafi. Bari in kwashe shanya, na ga hadari."

Auta ta tsaya ita kaɗai da kwanon gyaɗa. Ƙamshi ya daki hancinta.

"Ƙwaya ɗaya ba za ta rage titi ba," ta ce a ranta.

Ta jefa ɗaya a baki. Ɗaya ta kira 'yar'uwarta. Sai ta gano cewa in an tsoma gyaɗa a cakulan, daɗinta ya wuce misali. Kafin ta ankara, ƙasan kwano ya fara leƙowa.

Ta juye abin da ya rage a faranti, ko rabi bai rufe ba. Ta ɗaga kai, ta hango ragowar cakulan a kan kanta.

"To ai kwalta ake ce wa titi," ta gaya wa kanta. "Wa ya taɓa cewa zai hau tsakuwa?"

Ta taka kujera ta ɗauko. Ta kakkarya shi duka a kwanon mai zafi, ya narke, ta tuttule a faranti. Da ta ɗora kwalba, sai haɗin ya rinƙa tsartuwa ta gefe. Ta ajiye kwalbar, ta shafe saman da bayan cokali.

Kai, titin ya yi kyau! Sumul, yana ta sheƙi, har ya fi na Baba kyan gani. Ta sa shi a firji, ta wanke kwanoni da sauri.

Da yamma Baba ya ce, "Yaya aiki, ma'aikaciya?"

"Lafiya lau," in ji Auta, tana kallon ƙasa.

"In duba?"

"A'a, Baba. Sai gobe."

Ranar Alhamis kowa ya zo da kayansa. 'Yar tela ta kawo ƙaramar riga. Ɗan kafinta ya kawo kujerar da ba ta fi tafin hannu ba. Malama ta jera komai a bakin taga. Farantin Auta ne a ƙarshe, daidai inda rana ke shigowa.

Ana ta nunawa ɗaya bayan ɗaya. Rana kuwa tana ta aikinta.

Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, da rigarsa mai ƙyalli da hular kwano a hannu. Ya gaida Malama cikin ladabi, ya tsaya a bayan aji.

Auta ta ɗauko farantinta. Ta yi bayani tiryan-tiryan, yadda Baba ya koya mata. Ta faɗi aikin tsakuwa, ta faɗi aikin yashi, ta faɗi aikin kwalta. Malama sai gyaɗa kai take yi.

"Yanzu sai gwaji," in ji Malama.

Aku ya miƙo motarsa ta wasa, babba mai ɗaukar kaya. Ya loda mata kwaɗon ƙofar aji a baya. Auta ta ɗora ta a bakin titi, ta tura.

Tayoyin gaba suka lume. Ta ƙara turawa, na baya ma suka bi. Motar ta karkace, ta kafe tsamo-tsamo a cikin cakulan.

"Wayyo motata!" in ji Aku. "Malama, wannan ba titi ba ne, fadama ce!"

Aji ya kaure da dariya. Auta ta kasa ɗaga kai. Ba dariyar ce ta fi ƙona mata rai ba. Ita da ta zo ta ɗaga sunan Baba, ga shi ta sa ana yi wa aikinsa dariya a gabansa.

Baba ya tako a hankali. Bai ɗaure fuska ba. Ya ari cokali, ya yanki gefen titin, ya ɗaga shi sama ya duba. Gyaɗa uku ce kawai ke iyo a ciki.

"Ma'aikaciya," ya ce a hankali, "kofi biyu na tsakuwa na bari. Ina suka shiga?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tana iya cewa zubewa suka yi. Amma ta dubi idon Baba, ta kasa.

"Suna cikina, Baba."

"Ta cinye titi!" in ji Aku.

"Aku, ja bakinka," in ji Malama, ita ma tana danne dariya.

Hawaye suka zubo wa Auta. "Na ƙara cakulan don kada a gane. Kuma ban daɓe ba, shafewa kawai na yi. Laifina ne, ba na aikin Baba ba."

Baba ya dafa kanta. "Kin yi kuskure, amma kin faɗi gaskiya. Wannan ita ce tsakuwar farko."

Sai ya sa hannu a aljihu, ya fito da wani baƙin dunƙule. Gutsuren titi ne na gaske. Ya ba yara, suna miƙa wa juna.

"Ku duba cikinsa. Me kuka gani?"

"Duwatsu!" suka ce. "Duk duwatsu ne!"

"To kun gani. Mai titi yana iya rage tsakuwa ya shafe sama, ranar farko ba wanda zai sani. Amma akwai alƙalai biyu da ba a ruɗarsu, rana da mota. Kuma a titin gaske, ba motar wasa ce za ta kafe ba. Motar da ta ɗauko iyayenku ce."

Yara suka sake duban gutsuren titin.

Malama ta ba Auta zuwa Litinin ta sake.

A gida, da Mama ta ji labari, ta riƙe haɓa. "An ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Yau kam uban ɗiya ne ya sha ta!"

"Ban ji kunya ba," in ji Baba. "Amma wannan karon mai cin tsakuwa ita za ta fasa dutse."

Ya kawo gyaɗa mai ɓawo. Ranar Asabar Auta ta zauna ta ɓare ta ɗaya bayan ɗaya, har yatsunta suka yi ja. Mama ta soya. Ƙamshi ya cika gida, amma ko ƙwaya ɗaya Auta ba ta kai baki ba. Ta auna komai daidai. Ta mirgina kwalba gaba da baya, tana sauraron ƙus-ƙus, har ƙarar ta ɗauke.

Sabon titin bai yi sheƙi ba. Saman ma kaushi gare shi.

Ranar Litinin, da kanta ta kai shi bakin taga, inda rana ta fi zafi. Baba ya sake leƙowa. Aku ya loda wa motarsa kwaɗo, ya ƙara da dutse biyu don mugunta. Auta ta tura.

Saman titin ya ɗan yi laushi, amma motar ta bi ta kai, ta sauka a ɗaya gefen lafiya lau. Aji ya ɗauki tafi.

Aku ya sosa ƙeya, ya matso kusa da Baba.

"Baba, ashe da gangan kake tafiya a hankali?"

"Da gangan, ɗana. Ina tafiya a hankali ne don ku ku sami damar yin sauri."

Malama ta yanka titin, kowa ya sami rabonsa. Auta ta zaɓi yankin da ya fi yawan gyaɗa, ta miƙa wa Baba da hannu biyu.

To, yara, kun ji. In an ba ku amanar aiki, kada ku rage cikinsa ku gyara samansa. Abin da ba a gani shi ke riƙe abin da ake gani, kuma aikin gaskiya ba ya tsoron rana.