Harsashin da ke gonar rogona

Ni Prisila, matar marigayi Barnabas, ban yi boko ba, amma duk gaɓar tsibirinmu na Guadalcanal babu wanda ya taɓa cutata a ciniki.

A gonar rogona akwai harsashin igwar jirgin yaƙi, tsayinsa ya kai ƙirjina. Tun zamanin kakata jirgin Japan ya harbo shi daga teku, ya nutse a laka bai fashe ba. Ƙanin mijina Festus ya nace in sayar masa, ya yanka ya kwashe albarushin ya riƙa kashe kifi da shi.

"Matar yaya, rage kuɗin, ƙarfe ne fa ya yi tsatsa."

"To je ka nemo mai ƙyalli, sarkin rowa."

Sau uku ina korarsa. Da ya haɗa da alade, na sallama.

Da faɗuwar rana muka je. Ƙa'idar aikin, ɗaya na yanka da zarto, ɗaya na zuba ruwa, don in ƙarfen ya yi zafi an gama. Ni na riƙe butar, kada ya ce na sayar masa da ajali.

Zarto na kuka. Ruwa na ɗiga.

Sai kwaɗi suka yi tsit.

Can bakin teku haske ya walƙa, ja, babu ƙara. Babu jirgi, babu hadari. Warin ƙonannen mai ya cika gonar.

Ruwan da nake zubawa ya fara tururi.

"Festus," na ce a hankali, "tsaya."

"Ba ni ba ne," ya raɗa. Hannuwansa biyu na kan gwiwarsa. Zarton na tafiya da kansa.

A cikin ƙarfen wani namiji yana ƙirga, da harshen da ba namu ba. A natse, kamar mai jiran ya ji saukar abin da ya harba.

Daga sama wani gurnani ya taso, yana matsowa.

Na cafki wuyan rigarsa. Muka faɗa rafi.

Ba abin da ya fashe.

Washegari na mayar masa da aladensa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Gonar na bar wa ciyawa.

Festus ya daina fita kamun kifi. Ya ce muryar na cikin kunnensa na hagu, kuma yanzu yana gane harshen. Baya-baya ake ƙirgawa, ɗaya kowace faɗuwar rana.

Jiya ya zo ya zauna a ƙofata.

"Matar yaya, saura tara."