Tsawar Da Hikima Ta Yi Wa Dada

Hikima na tsakar gidansu a Jekadafari tana wanke takalmin wasa, aka ce saurayinta Uzairu na zaure. Da ganin fuskarsa ta san ba lafiya.

"Dada ta ce a dakatar da sa rana," in ji shi.

"Me na yi?"

"Tsohuwar da kika daka wa tsawa jiya a filin tanis, ita ce."

Hikima ta dafa bango. Ita ce mace ta farko da ta fara koyar da tanis a kwalejinsu. Jiya ana tsaka da atisaye wata dattijuwa ta ratso filin, ƙwallo na ta shawagi. Hikima ta kware murya, "Ke baiwar Allah! Fita daga nan!" har da jan hannu. Ashe uwar Uzairu ce ta zo a ɓoye ta ga surukarta. A gidan Fulani kuwa, ko ido suruka ba ta ɗagawa, balle murya.

"Sharaɗinta ɗaya ne, ki ajiye aikin," in ji Uzairu. "Haba Hikima, ƙwallo ne fa kawai!"

"Ƙwallo kawai? Iyayen yaran nan sun bar su ne don mace ke koyar da su. Ranar da na ajiye, ranar za a mayar da su gida."

"Ni kuma fa?"

Sai hawaye suka zubo mata. Tana son sa, wannan ba a magana.

Aikin dai ba ta ajiye ba, ba ta kuma yi zuciya ba. Kullum in ta tashi sai ta zarce Gabukka gidan su Uzairu, ta cire takalmi tun daga ƙofa, ta durƙusa ta gaida Dada. Dada ta ci gaba da burga nononta kamar ba mutum a wajen. Ƙannen Uzairu na ta zolaya, "Ga Koci ta zo, kowa ya toshe kunne!" Ta haɗiye.

Sai wata rana Dada ta ajiye maburgi.

"Ke yarinya. Da kin san ni ce, da kin yi shiru?"

Uzairu na bakin ƙofa yana yi mata alama da ido ta ce eh. Kalma ɗaya ce, aure ya ɗauru.

"A'a, Dada," ta faɗa, kanta a ƙasa. "Ƙwallon nan yana fasa ido. Ko gobe kika shiga, sai na yi ihu."

Uzairu ya dafe kai. Dada ta daɗe tana kallonta.

"Ina budurwa na yi kiwo," ta ce a hankali. "In saniya ta nufi rami, ba a yi mata raɗa. Na ɗauka raini ne. Da kin ce eh, da na san duk durƙuson nan na ƙarya ne." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma mai ƙifta ido, je ka gaya wa baffanka a sa rana."

"Aikin fa, Dada?"

"Ta je ta yi kiwon 'ya'yan mutane. Amma muryar nan a bar ta a can, gidana ba fili ba ne!"

To, 'yan mata, ku ji da kyau. Haƙuri ba ƙarya ba ne, ba kuma zubar da amanar da aka ba ki ba ne. Ki durƙusa har ƙasa, amma in an tambaye ki, faɗi gaskiya.