Ƙusoshin Fiffiken Sallau

Hannun Tsarau ya zuro daga silin, ya bi ɗan layin dogonsa har kan akwatin farko, ya ɗaga murfin a hankali. Wani jan haske ya fito daga idonsa ya share cikin akwatin, sannan muryarsa ta umarci Sallau ya ja benci zuwa gabas, domin a nan fiffiken dama zai kwanta. Sallau ya ja benci yana ƙunƙuni. Mutum ya haura sittin, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motoci, yau ga wani ƙarfe mai hannu ɗaya yana aikensa kamar yaron shago.

Tsarau na'ura ce da ake haɗo wa duk wanda ya sayi jirgin haɗa-da-kanka. Jirgin yana zuwa ne gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, aikin Tsarau kuma shi ne ya tsara gareji tun kafin a taɓa komai: inda fitila za ta rataya, inda kowace sifana za ta zauna, inda mutum zai tsaya don kada inuwarsa ta faɗa kan aiki. Ƙusoshi masu zare da notinansu suna zuwa a cikin ƙananan ledoji a liƙe, kowace leda da tambarin da Tsarau kaɗai ke karantawa. Dokarsa guda ce, ya kuma maimaita ta har Sallau ya gaji da ji: ba a yaga leda sai lokacin aikinta ya zo.

Ba don sha'awa Sallau ya ɗauko wannan jidali ba. Birninsu, Birnin Lema, yana zaune ne a ƙarƙashin wani makeken rufin gilashi mai tace rana. A wajen rufin kwalta ta daɗe da narkewa, rairayi ya binne abin da ya saura na hanya, idan bazara ta kama kuwa ko akuya ba ta kai labari. Can a bayan wannan rairayi ƙauyensu yake, Rimaye, wanda kowa ya watse ya bari sai yayansa Nomau. Shi ya ce ba zai tafi ya bar kabarin iyayensu ba. An yi lallashi, an yi faɗa, an haƙura. Sai bana, a tsohuwar rediyon da suke gaisawa da ita, Nomau ya ce idonsa ya fara hazo, rijiya kuma sai laka guga ke fitowa da ita. Sannan ya ce, “Sallau, zo ka ɗauke ni.”

Wanda ya san Nomau ya san abin da wannan magana ta ci masa kafin ta fito. Sallau ya zaga ofisoshin manyan jiragen birni, duk amsar ɗaya ce: ba sa sauka inda babu shi a taswira, Rimaye kuwa an goge ta tuntuni. Shi ya sa ya sayar da tsohon garejinsa, ya rushe katangar bayan gida, ya kafa wannan, ya sayo jirgin da zai haɗa da kansa. Kujera biyu ce a jirgin, su yake bukata, kuma dole ya tashi kafin bazara.

Matarsa Hansai ta tsaya a bakin ƙofa ranar da aka gama jera akwatuna, ta kalli garejin yana ƙyalli kamar ɗakin tiyata, ta ce ashe dai ya iya tsafta, shekara da shekaru tana fama da baƙin mai a kan zannuwan gadonta. Daga nan ta tambaye shi yaushe Baba Ilu zai zo.

Ai kuwa dole ya zo. A sana'ar makanikai, ko da mutum ya yi furfura, ba ya ɗaga guduma a sabon gareji sai maigidan da ya koya masa aiki ya zo ya jera masa kaya da hannunsa, ya sa albarka. Inda maigida ya ajiye abu, nan ne wurinsa. Yaro kuma a ranar ba shi da baki, sai durƙuso da amin. Baba Ilu ne ya ɗauki Sallau tun yana ɗan tsurut, ya ciyar da shi, ya dake shi, ya yaye shi, har shi ya tsaya masa wajen neman auren Hansai. Yanzu ya tsufa tukuf, sai an riƙo shi.

Aka riƙo shi kuwa, da tsofaffin makanikan unguwa a bayansa. Hansai ta dama fura. Baba Ilu ya zagaya garejin yana shafa benci, ya yaba haske, ya yi addu'a mai tsawo har muryarsa na rawa. Ya sauya wa guduma wuri, Tsarau bai ce komai ba. Ya mai da sifanoni bangon hagu, nan ma shiru. Sai tsohon ya iso kan teburin ledoji, ya ɗaga ɗaya ya girgiza, ya yi tsaki. Ya ce wane irin bakanike ne zai bar ƙusa a leda kamar gyaɗar talla, ga masu tsawo ɗaya an rarraba su wuri-wuri, in aiki ya yi zafi ina za a tsaya nema? Ya sa aka kawo masa gwangwanayen madara. Ya sa haƙori ya yaga leda ta farko.

“Dattijo, ajiye wannan,” in ji Tsarau. “Kuskure kake yi.”

A gaban yaransa, a gaban sa'o'in yaransa, an ce wa Baba Ilu kuskure yake yi, a kan ƙusa. Hannun tsohon ya tsaya a sama. Kowa ya juyo ya zuba wa Sallau ido, domin garejinsa ne, na'urarsa ce. Tsarau ya sake buɗe baki zai yi bayani. Kunya ta rufe Sallau har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya kashe muryar, ya durƙusa ya ce, “Baba, a yi haƙuri, ba ta san mutane ba. A ci gaba.”

Aka ci gaba. Tsohon ya zauna a kan tabarma, sauran suna yaga masa ledoji, shi yana auna kowace ƙusa da ɗan yatsa yana jefa ta gwangwanin 'yan'uwanta. Wallahi aikin ya yi kyau, ko da ma'auni aka gwada ba za a sami wadda ta fi wata tsawo a gwangwani ɗaya ba. Hannun Tsarau yana ta kai da komo a sama, idonsa na walƙiya, ba mai kula shi. Da aka gama Baba Ilu ya dafa kan Sallau ya ce Allah ya kai shi lafiya ya dawo da ɗan'uwansa lafiya. Ya tafi yana murmushi, rabon da a gan shi cikin farin ciki haka an daɗe.

Bayan an watse Sallau ya kunna muryar. Tsarau bai yi fushi ba, na'ura ba ta da wannan, bayani kawai ya yi. Ƙusoshin da ke gwangwani na uku tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, launinsu ɗaya, amma iri biyu ne. Kaɗan daga ciki an gasa su a wata irin wuta ta musamman, su ne ke riƙe fiffike a jikin jirgi. Sauran na kujera ne da murfin inji. Bambancin yana can cikin ƙarfen, ido ba ya gani, hasken Tsarau ma ba ya gani. Leda ce kawai shaida, ga ledoji can a kwandon shara.

Sallau ya ce to a gwada su mana. Tsarau ya ce ana iya gwadawa, amma sai an karya ƙusa ake sanin ko wace iri ce, kuma ba a aiko da rara ba. Sallau ya ce a aiko da sababbi. Tsarau ya tuntuɓi masana'antar da ke can bakin teku, amsa ta dawo cewa jirgin kayansu ba zai sake ratso hamada ba sai bayan bazara.

Sallau ya zauna a kan benci ya rasa abin da ke masa daɗi. Haushin na'urar ya ji, da ta yi wa tsoho magana gatsau. Haushin masu jirgin ya ji, mutanen da suka iya ƙera abin da ke tashi sama amma suka kasa yi wa ƙusa ɗan zane a ka, don a tunaninsu duk duniya babu garejin da mutum zai shigo ya fi na'ura girma. Baba Ilu kaɗai ya kasa jin haushinsa, ya kuma gargaɗi Hansai kada maganar ta kai kunnen tsohon.

Haka ya haɗa jirgin. Makonni yana aiki, Tsarau na miƙo masa kaya, gangar jiki ta tashi, aka ɗaura farfela, aka shimfiɗa batir a ƙarƙashin kujeru. Da aka zo fiffike, ya juye gwangwani na uku a kan benci. Ya ƙwanƙwasa kowace ƙusa ya kasa kunne, ya auna su a tafin hannu, har lasa ya yi. Ya zaɓi waɗanda zuciyarsa ta kwanta da su, ya yi bisimilla ya ɗaure. Ya tambayi Tsarau ko zai hana shi tashi.

“Ni ba na hana kowa,” in ji Tsarau. “Faɗa kawai nake yi. Ban san abin da ke riƙe da fiffikenka ba.”

Hansai ta roƙe shi ya bari sai bayan bazara. Ya tambaye ta, bayan bazara wa zai je ya ɗauko? Ta shiga ɗaki ta haɗa masa guzuri tana kuka. Ya kira Nomau a rediyo ya ce masa ya shirya, gobe da hantsi yana tafe.

Aka ciro ƙwaƙwalwar Tsarau aka dasa a gaban jirgi, domin shi ke tuƙi, mutum zama kawai yake yi. Suka fita ta ƙofar rufin birni, jirgin ya ɗaga sumul. Sallau ya leƙa ƙasa ya ga garuruwan da ya sani sun zama tabo-tabo a cikin rairayi, ga turakun lantarki a jere ba waya. Zuciyarsa ta fara sanyi, ya ce lallai albarkar Baba Ilu ta kama. Sun hango bishiyoyin dabinon Rimaye ke nan iska mai zafi ta taso daga ƙasa ta ɗaga su ta saki. Wani abu ya ce ƙas a dama, ya sake cewa ƙas. Tsarau ya ce ya riƙe kujera da kyau.

Da cikinsa jirgin ya sauka, ya ja rairayi har gindin tsohuwar katangar makaranta. Fiffiken dama ya ɓalle ya kifa gefe. Sallau ya fito da rarrafe, goshinsa na jini, gorar ruwan da Hansai ta cika masa ta fashe a ƙarƙashin kujera. Tsarau ya sanar da shi cewa ya aika wa birni saƙon neman agaji, birni kuma ya ce babu wurin da ake kira Rimaye.

Sai ga Nomau yana tahowa da sanda, yana laluben hanya. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya rataya ɗan ƙunshin kayansa a kafaɗa. Bai ga fiffiken da ke yashe ba, idon bai kai nan ba. Ya shafa fuskar ƙanensa yana dariya, ya ce ashe jirgi haka yake da ƙara in zai sauka. Sallau ya kasa gaya masa. Ya ce, “Yaya, mu je gida tukuna in sha ruwa.”

“Wane ruwa kuma?” in ji Nomau. “Rijiya ai ta ƙafe tun makon jiya. Randa ɗaya ta rage mini, da na ji kana tafe na kai ta maƙabarta da safe, na yayyafa wa Inna da Baba, na yi musu sallama.” Ya gyara ƙunshinsa, ya miƙo hannu a riƙe shi. “Ta wace ƙofa ake shiga jirgin?”