Ranar Ruwan Baba

"Ba zan fito ba," in ji Saude. "Tafkin nan na gwamnati ne, ba na gidanku ba."

Saurayin da ke bakin tafkin ya gyara tsayuwa. Gidaɗo ke nan, mai buɗe ƙofar da ke sakin ruwa zuwa gonakin yammacin Bunkure. Bai taɓa ganin mace a kwalekwale ba, balle irin wannan: siriri, na roba, mai cin mutum ɗaya, da filafilin tuƙi mai baki biyu.

"Ban ce na gidanmu ba ne, Malama. Amma tun ɗazu kike juyi wuri ɗaya kamar katantanwa."

"Koyo nake."

"To ki tsoma dama, ki tsoma hagu. Da ƙugu ake tuƙi, hannu riƙo kawai yake."

Ta harare shi, amma ta gwada. Kwalekwalen ya miƙe. Gabanta ya faɗi, ta kasa gane ko tsoron ruwan ne.

Saude malamar firamare ce. Kwalekwalen na wani injiniya ne da ya bar wa kawunta, ya shekara a zaure ana ɗora masa buhunan albasa. Ba kifi take nema ba, ba fiton mutane za ta yi ba. Son abin kawai take yi, shi ne kuma abin da mutanen gari suka kasa fahimta.

Gidaɗo ya tashi a gefen madatsar ruwa ta Tiga cikin masunta. Daga nesa yake koya mata, yana tsaye a kan gaɓa: yadda za ta zauna, yadda za ta juya, yadda za ta zame idan ya kife. Ya aro mata rigar da ke hana nutsewa, ya roƙe ta ta riƙa cusa hijabinta a ciki.

"Abu ɗaya, Agwagwata," ya ce wata rana. "In ƙofa na buɗe, kada ki shiga. Ruwan ja yake yi ta ƙasa."

Wayar hannu ba ta daɗe da zuwa garin ba, sai an hau tudu ake samun sabis. Saƙonsa na farko ya ce: "Yau kin yi tuƙi ba juyi. Ni ne dai nake ta juyi tun da na gan ki."

Ta amsa: "Sai ka tsoma dama, ka tsoma hagu, ka miƙe zuwa wurin Baba."

Kafin ya je, labari ya riga shi. Malam Dattijo, mahaifin Saude, ya kira 'yarsa.

"An ce 'yata ce ke wasan ruwa a gaban maza."

"Baba, a suturce nake."

"Na hana."

Ta sunkuyar da kai, ba ta ce to ba.

Manoma kan yi musayar ranar ruwa a tsakaninsu ba tare da shela ba. Malam Dattijo ya dasa tumatir, dashen na bukatar sha, sai ya karɓi Asabar ɗin wani manomi na wani sashe, aka buɗe masa ƙofar tafkin ran nan. Saude ba ta ji labarin musayar ba, ta dai san ƙofar nan ba ta buɗuwa ran Asabar. Ta shiga ta bayan dogayen ciyayi, inda ba a hango ta.

Sai da ta kai tsakiya ta ji kwalekwalen na tafiya ba da izininta ba. Ta tuƙa baya, ya ƙi. Ga bakin ƙofar can, ruwa na shiga yana gurnani. Ta manta duk abin da aka koya mata, kwalekwalen ya kife.

Gidaɗo bai tsaya murɗa ƙarfen a hankali ba. Ya saki ƙofar ta faɗo gaba ɗaya, ya faɗa ruwan. Ya fito da ita tana tari, goshinta na jini.

Ƙofar kuwa ta lanƙwashe, ta ƙi tashi. Kafin makanikai su zo daga Kura, dashen Malam Dattijo ya kwanta.

Daga nan wayar Saude ta yi shiru. Kullum ta hau tudu, ta sauko ba komai. Ta daina cin abinci. Ta ce a ranta ya gaji da mace mai jawo masifa. Girman kai ya hana ta tambaya, har ta kasa daurewa ta rubuta: "In ka fasa, ka faɗa min. Zan iya ɗauka."

Amsa ta zo da yamma: "An sallame ni daga aiki. Kunyar idonki nake ji. Ina gonar Baba."

Can ta same shi, tsugune cikin laka, yana sake dashe da irin da ya roƙo wurin abokai. Mahaifinta na tsaye a kansa, hannu a baya.

"Kai ne mai son 'yata?"

"Ni ne, Baba."

"Ka kashe min tumatir."

"Na kashe. Da za a sake, haka zan yi."

Tsohon ya daɗe yana kallon tabon goshin 'yarsa.

"Zan ba ka ita. Sai dai ka yi min alkawari za ka raba ta da jirgin nan."

Kalma ɗaya ce tsakaninsu da aure.

"Baba, ba zan fara zama surukinka da ƙarya ba," in ji Gidaɗo. "Abin da zan iya, ba za ta ƙara shiga ruwa ba sai ina wurin."

"Ke fa?"

"Baba, na yi kuskuren rana, na kuma nemi gafararka," ta ce. "Amma in na ce na bari, na yaudare ka."

Malam Dattijo ya juya ya tafi. Aka shiga watanni na zaman ɗar-ɗar. Inno, mahaifiyar Gidaɗo, ta yi ta sintiri da ƙwaryar nono da haƙuri, har dai tsohon ya sauko.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Da aka kai Saude yin sallama, Malam Dattijo ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a tudu da ruwa."

"Amin, Baba," ta ce cikin kuka.

Yanzu duk Juma'a da la'asar Saude na tsakiyar tafki, mijinta na bakin gaɓa yana kiran ta Agwagwa. Ba a banza ta samu ba. Gidaɗo bai koma aikinsa ba, ƙwadago yake a gonakin albasa. Wasu iyaye sun cire 'ya'yansu mata daga ajinta. Mahaifinta ya sa albarka da zuciya ɗaya, amma har yau bai taka gidan da aka jingine kwalekwalen ba.