Sifirin Agogon Marigayiya

Ranar Talata da hantsi aka kawo wa Mai Agogo bindiga ya gyara, kuma daga ranar bai sake gyara komai ba.

Mutum biyu ne suka shigo shagon, suka tura ƙofa. Babban, wanda ɗayan ke kira Oga, ya zazzage buhu a tsakiyar agogunan mutane. Tsohuwar bindiga ce, ta girmi kowa a ɗakin, ƙotarta ta sha hannu har tana sheƙi. Oga ya ce sifirin gidan harsashinta, ƙarfen nan mai tura harsashi sama, shi ne ya karye, harsashi ba ya hawa, kuma kafin la'asar suke son ta.

Tsoho Mai Agogo ya ce shi agogo kaɗai ya sani. Oga ya yi murmushi, ya tambaye shi lafiyar Direba, ɗan tsohon tilo da marigayiya matarsa ta bar masa.

Tsohon ya ɗauka barazana ce. Ya zauna.

Ya zare gidan harsashin. Tsatsa ta cinye sifirin, ya rabu biyu, irinsa kuwa an daina ƙerawa tun kafin a haifi Oga. Duk shagon abu ɗaya ne ke da ƙarfe mai wannan faɗin: agogon bangon da matarsa ta bari. Ya sauke shi, ya zare masa sifirin, ya yanka, ya lanƙwasa da filaya, ya goge da magagari. Zufa na ɗiga a kan tebur.

Ya san abin da su ba su sani ba. Ƙarfen agogo ba shi da ƙarfin turi. Harsashin farko zai hau, na biyu zai maƙale, sai an bugi gindin gidan da tafin hannu. Ya ɓoye musu wannan. Ɗan wani zai tsira, idan kuma Oga ne ya faɗi, duniya ba ta yi asara ba.

Oga ya gwada. Harsashi ya hau.

"Ka iya aiki, Baba."

Tsohon ya bi su da ido har bakin titi. Mota na jira. Oga ya zura bindigar ta taga.

"Direba, yau kai ke tsare mana ƙofa."

Ɗan tsohon ne a kan sitiyari, kansa a sunkuye. Tsohon ya fito a guje, baki buɗe. Motar ta riga ta sha kwana.

A shagon gwal da suka je fashi, aka kwantar da kowa a ƙasa. Wata mata ta danne bakin 'yarta. Jiniya ta taso daga ƙarshen layi, tana matsowa. Direba ya harba sama — ɗaya! Ya sake ja — ƙyas! Ya ja, ya ja, ba komai. Ya waiga. Oga ya riga ya haye sitiyari da jakar, ya fece, ya bar shi tsaye da icce da ƙarfe a hannu.

'Yan sanda ba su tsaya tambayar me ya sami bindigar ba, suka buɗe wuta.

Washegari aka kama Oga a tasha, abokinsa ne ya nuna shi. Gwal ya koma ga mai shi. Rai ɗaya kawai aka rasa.

Da tsohon ya je karɓar gawar ɗansa, wani kofur ya ce masa Allah ne ya taimake su, wanda ya gyara bindigar nan bai san aikinsa ba. Tsohon ya gyaɗa kai.

Agogon marigayiya na nan a bango, ba ya motsi. Kullum tsohon yakan zauna a gabansa, leɓɓansa na maimaita abin da mota ba ta jira ya faɗa ba.

"Bugi gindinta, ɗana. Da tafin hannu."