Mai Juya Eriya

Da almuru ne Gunnvor ta hau hanyar gidan mahaifinta Torleif, can ƙarshen gaɓar teku a arewacin Norway, ƙauyen da sunansa ya shige mini. Ta rungumo ƙaramin akwatin da ke kama sabon tsarin talabijin, don gobe za a kashe tsohon tsarin.

Gidan na warin kofi da busasshen kifi. Allon talabijin sai yayyafi yake, yana shuuu kamar teku.

"Baba, wannan tsohuwar na'urar taka ta gaji. Na kawo wanda hotonsa ba ya rawa."

"Ajiye shi can, sarkin gyara. Yi shiru."

Sai ta ji taku a kan rufi. Ƙarfen eriya ya yi ƙiii.

A gidan nan, in hoto ya lalace, yayanta Eilif ne ke hawa ya juya eriya, na ciki su ba shi amsa. Eilif kuwa ya daɗe da nitsewa da jirginsa, ba a ga gawarsa ba.

Murya ta sauko ta bututun hayaƙi, a jiƙe.

"Ya fito?"

"Saura kaɗan, ɗana," in ji tsohon. Ya raɗa mata, "Kullum haka nake ce masa. In na ce ya fito, aikinsa ya ƙare, zai tafi."

Ƙiii. Hoton ya washe tar.

"Ya fito?"

Bakinta ya riga hankalinta, kamar tana yarinya.

"Ya fito, Yaya!"

Ƙarfen eriya ya tsaya cak.

Tsani ya fara ƙara, taku bayan taku. Warin gishiri ya cika ɗakin. Ruwa ya kwararo ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, mai sanyi.

Tsohon ya miƙe ya zare sakata.

"Jira ni, Eilif!"

Ta cafke rigarsa. Wani abu na jansa daga waje, hannunsa ya jiƙe har kafaɗa. Ta tokare ƙofa da ƙafa, ta fizgo shi, suka zube tare.

Takun ya gangara wajen teku.

Daga ranar rufin bai ƙara motsi ba. Ta haɗa sabon akwatin, hoto garau, ba mai kallo. Sai da bazara ta shigo tsohon ya ta da maganar.

"Ni na tsare shi cikin sanyi, ke kika sallame shi. Na san kin fi ni gaskiya, 'yata. Amma ki ɗan rage zuwa tukuna."