Mantuwar Injin Saude

Ranar da za a raba wa makiyaya dusa a Mallawa, Saude sakatariyar ƙungiya ta buɗe ordinatar, wato kwamfutar ofis, ta tarar ta mutu murus. Ta fito da sharjar daga jakarta ta jona, injin ya tashi, ta fara kiran sunaye. Ba ta kai na ashirin ba ta tsaya. An goge gidaje goma sha ɗaya, an cusa wasu sunaye da ko mai gari bai taɓa ji ba.

Rani ya yi nisa, shanu sun fara kwanciya ba sa tashi. Wanda aka goge sunansa, garkensa aka goge. Nan take wuri ya yamutse. Laminu ma'aji ya fi kowa ɗaga murya.

"Wa ya iya wannan injin in ba ita ba? A kai ta gidan jandarma a Magariya!"

Aka kira jandarma. Saude ta harɗe hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shef, in tafiya ce mu je. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban yi ba, ko za a shekara."

Tsoho Bukar mai gyaran rediyo yana gefe, ya zo karɓa wa ƙanensa buhu biyu. Bai yi lakwal ba, bai taɓa shiga ajin boko ba, amma shekara arba'in yana buɗe cikin injuna, kuma shi ke ba mutanen kasuwa wuta a wayoyinsu. Abin da ya tsaya masa a rai ba sunayen ba ne. Mutuwar batir ce.

"Shef, ara mini minti goma."

"Tsoho, wannan ba rediyo ba ce."

"Duk wuta suke ci, ɗana."

Jandarman ya yi murmushi, ya koma ya jingina da motarsa. Bukar ya juya ga Saude.

"Ƴata, yaushe kika rufe shi jiya?"

"Da azahar, Baba. Cike yake taf. Na sa shi a durowa, na tafi bikin suna a Waca."

"In an rufe, yana cin wuta?"

"Barci yake yi. Sai ya kwana uku bai rage komai ba."

"In an buɗe fa?"

"Nan ciwonsa yake. Akwai wurin da nake dannawa ya riƙa shan wuta kaɗan-kaɗan, sai ya wuni. Amma da ya yi barci ya farka, ya manta. Sai ya koma haske kamar rana, fanka na kuka. Mai gyara daga Damagaram ya ce laifin na cikin hanjinsa ne, ba ya ajiye abin da aka gaya masa kafin ya kwanta. Don haka duk buɗewa sai na tuna masa."

"Wa kika taɓa gaya wa wannan?"

"Wa ya taɓa tambayata?"

Makullin ofishin huɗu ne: na shugaba, na Saude, na ma'aji da na mai gadi. Na shugaba yana aljihunsa a Sassumbrum, kwana uku ke nan yana wurin ta'aziyya, kowa ya sani. Bukar ya kira Usaini mai gadi.

"Usaini, buɗe mana injin nan."

Usaini ya juya shi sama da ƙasa, ya nemi bakinsa ta baya, har mutane suka yi dariya.

"Malam Bukar, ni ko sunana aka rubuta da boko sai in gaishe shi in wuce."

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Ma'aji ya aike ni tasha in jira buhunan da ba su zo ba."

Bukar bai ko ɗaga kai ba. Ya rufe injin ya miƙa wa Saude ya ce ta buɗe. Tana buɗewa, kafin ma ta dubi komai, yatsanta ya tafi kusurwa ya danna, hasken ya sauka, fanka ta yi shiru. Ya sa ta maimaita sau uku tana amsa tambayar jandarma, sau ukun yatsan ya yi aikinsa ba da saninta ba.

Sai Bukar ya yi tsaki, ya dubi Laminu kamar mai neman abokin hira.

"Ni dai, ma'aji, na ce ku sayi babba, kuka sayo wannan."

"Gaya musu dai! Tarkace ne. Injin da ko awa ɗaya ba ya yi ya ɗauke?"

"Awa ɗaya?"

"Ko cika ta ba ya yi."

Bukar ya juya ga taron.

"Jama'a, wa ya taɓa ganin injin nan ya mutu a awa ɗaya?"

Wani dattijo ya ce ranar rigakafin shanu tun safe har la'asar suna gabansa, bai ƙifta ba. Wasu suka ce haka ne. Bukar ya dubi jandarman.

"To Shef, ka ji. A hannun Saude wuni yake yi, don tana tuna masa. Da ita ta goge sunayen nan, da mun tarar da shi da wuta, don hannunta ba ya mantawa ko ita ta manta. Wanda ya buɗe shi jiya bai san ciwonsa ba. Ya zauna yana tsintar baƙaƙe da yatsa ɗaya, injin na zuƙar wuta, har ya mutu a cinyarsa. Mutum ɗaya ne a garin nan ya taɓa ganin ya ɗauke a awa ɗaya, kuma yanzu ya faɗa da bakinsa."

"Ƙarya ne! Ji na yi ana faɗa!"

"A wurin wa? Kuma Laminu, jiya bayan la'asar wa ya zo rumfata yana gumi, yana tambayar ko ina da sharjar ordinatar, wai ta surukinsa? Surukinka ko waya sai an danna masa."

Jandarman ya karɓi makullin Laminu, ya sa aka buɗe ɗakin ajiyarsa. Buhu ashirin da biyu ne a ciki, an riga an cire su tun jiya, suna jiran motar da za ta ƙetare iyaka. Sunayen bogi an rubuta su ne don su rufe ramin.

Da aka wuce da shi, wasu daga masu ihun ɗazu suka matso suna cewa Madam a yi haƙuri. Saude ta jawo kujerarta tsakiyar ƙofa, ta buɗe injin, ta danna kusurwar nan, ta fara da gidaje goma sha ɗayan da aka goge. Ba ta dubi injin ba ma. Da ka ta kira su.